Malama Ina-Hujja da Shafin Yayanta

Duk wanda ya yi ajin ƙarshe a makarantar nan ya san Malama Ina-Hujja. Yara ne suka raɗa mata sunan, kuma wallahi ba su zalunce ta ba. Ka ce ka makara don ruwan sama ya tare ka, sai ta dubi takalminka da ke bushe ƙayau ta ce ina hujja. Ka ce ai kowa ya san abu kaza, sai ta ce ka kawo mata kowan nan ta tambaye shi. Hatta shugaban makaranta, in zai yi jawabi a taron malamai, sai ya saci kallonta tukuna ya rage ƙarin gishiri. Ba masifaffiya ba ce, kar a ɗauki alhakinta, muryarta ma ba ta tashi. Allah ne dai ya yi ta ba ta iya barin magana ta wuce ta gabanta tana ɗingishi, sai ta tsayar da ita ta duba.

Doguwa ce siririya, da tabarau mai igiya a wuya da wata baƙar jaka da hannunta ya sha ɗinki. A jakar ba ka rasa almakashi da jan biro. Darasin rubutu take koyarwa, kuma tana da hanyarta da ba wanda ya koya mata. Kowane ƙarshen mako takan tsaya wurin tsohon mai jarida na mahaɗar hanya ta sayi fitowar ranar, ta je gida ta yanko sharhin ɗaya daga cikin masu shafi, irin mutanen nan da ake ba fili su faɗi ra'ayinsu a kan komai. Ranar Litinin ta yi kwafi a ofis, bayan ta gama jan-in-ja da akawu a kan takarda, ta raba wa ɗalibai ta ce su mayar masa da martani.

Yara kuwa sai murna, a zatonsu an ba su lasisin zagin babba. Nan take take kashe musu gwiwa. Kafin ka ce uffan, sai ka fara faɗin abin da marubucin yake nufi da bakinka, ka faɗe shi da kyau yadda da a ce yana zaune a ajin zai gyaɗa kai ya ce haka nake nufi. Wanda ya murɗe maganar mutum don ya ji daɗin kayar da shi, sifili ne. Wanda ya yi zagi, sifili ne ko da gaskiya ce fal bakinsa. Sai ka tsallake wannan sannan ka auna hujjarsa, ka kawo taka. Martanin da ya fi kowanne, ita da kanta take bugawa a tsohuwar kwamfutar ɗakin malamai da yatsa biyu, ta tura wa editan jarida da sunan ɗalibin da na makaranta. Wani lokaci a buga a shafin wasiƙu, sau da yawa a share. Ba ta taɓa fasa turawa ba.

Masu shafi da yawa sun shiga ajin nan ta bakin almakashinta, amma akwai wanda ya fi kowa zarya: dattijon shafin baya, wanda hotonsa ke saman rubutun ya tallafe kunci da hannu. Yara suna ce masa Baba Tagumi. Shi ne ya fi wuyar kayarwa, don in ya ɗaure magana sai ka zagaya sau uku ba ka ga bakin zaren ba. Abin da yaran ba su sani ba, kuma ba wanda ya sani a ɗakin malamai, shi ne Baba Tagumi yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma rabon da su yi magana an haura shekara goma.

Shi ya koya mata gardama tun tana 'yar mitsitsiya. Ita ce auta, shi ne babba, kuma a bakinsa ba ta da wani suna sai Auta. A wurin cin abinci yakan ɗauki ɓangaren da shi kansa bai yarda da shi ba, ya ce kaza ta fi doki amfani, ko dare ya fi rana tsawo, don kawai ya ga ta kumbura baki tana neman amsa. In ta yi kuka ya ce kuka ba hujja ba ne. In ta kayar da shi ya ɗaga ta sama yana dariya. Mahaifiyarsu kan kore su waje ta ce sun hana ta jin ɗanɗanon abinci. Haka ta tashi, da ganin cewa in mutum yana ƙaunarka zai tsaya ya ja da kai.

Mijin da ta aura bai ɗauki abin haka ba. Mai kantin kayan gini ne, mutum mai sanyi, wanda in ya dawo gida ba abin da yake so illa a ce masa sannu a bar shi ya miƙe ƙafa. Ita kuma in ya ce siminti zai yi tsada sai ta ce me ya gani. Ba da mugunta ba, ita a ganinta hira suke. Sun yi shekaru a haka, Allah bai ba su haihuwa ba, ranar nan ya ce mata ya gaji da zama a kotu. Aka rabu ba baram-baram ba, har shi ya ɗauko motar da ta kwashe mata kaya.

Wannan bai karya ta ba kamar abin da ya biyo baya. Ba a yi wata guda ba Yaya ya fito da sharhi a kan zaman aure, kuma a tsakiyarsa ya rubuta cewa ya san wata mace mai ilimi da ta ci duk wata gardama da aka taɓa yi a gidanta, yau ga ta ita kaɗai a ɗaki ba wanda za ta ci. Bai kira suna ba. Ina amfanin kiran suna? Duk dangi sun karanta, wanda bai iya karatu ba aka karanta masa. Ita a ɗakin malamai ta gani, ta ninke jaridar ta sa a jaka, ta shiga aji ta koyar kamar ba abin da ya faru. Lokacin mahaifiyarsu ta riga ta rasu, babu mai kiran su biyun ya zaunar. Ta jira ya zo ya ba ta haƙuri, bai zo ba. Ita ma ba ta je ba. Tun ana haɗuwa a sabgar dangi ana gaisawa ta bakin wasu, har ta daina zuwa sabgar.

Kar ka ce ba ta da amsa. Tana da ita, amsa kuwa mai kyau, wadda take gogewa kullum a ranta tana wanke kwano ko tana jiran mota. Sau nawa ta zauna za ta rubuta! Amma dokarta ce ke tare ta a ƙofa. Dole ta fara da faɗin abin da yake nufi yadda zai gyaɗa kai, kuma duk sanda ta rubuta cewa marubucin yana ganin wannan mata ita ta jawo wa kanta kaɗaici, sai biron ya tsaya. Ta yaga takardar ta tashi ta ɗora ruwan shayi. Mace mai koya wa ɗaruruwan yara mayar da martani ta kasa wuce layin farko na nata.

Sai ta koma aika masa da yara. Ba ta taɓa faɗa wa kanta haka ƙarara ba, amma abin da take yi ke nan. Yana ganin sunan makarantar a ƙarƙashin kowace wasiƙa, ya san hannun wa ke ciki. Abin da take so bai taka kara ya karya ba: ya tanka, ko da layi ɗaya ne, ko da baƙar magana ce. Yakan amsa wa wasu masu karatu a ƙarshen shafinsa, ya yabi wani, ya wanke wani tas. 'Yan makarantarta kuwa ko tari bai taɓa yi musu ba. Wani lokaci takan tsinci wata jimla a sharhinsa ta ce wannan da ni yake, ta yi kwana biyu tana juya ta, daga baya ta ga ba komai a ciki.

Ɗaki biyu take haya a saman wani bene, tagarta na kallon bayan gidan burodi. Kujera ɗaya ce a teburinta, ɗayar ta daɗe da zama wurin ajiye littattafan yara. In ta dawo da yamma ta kunna rediyo, mai sharhi ya faɗi abu ta ce masa ƙarya kake, ya ci gaba da maganarsa. Maƙwabta suna girmama ta, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Kome ta ce sai su ce gaskiya ne Malama, su sulale. Ta taɓa ce wa matar da ke ƙasan benen gobe za a yi ruwa, alhali sama fes take, don ta ji ko za ta musa. Matar ta ce ai kuwa da alama, ta kwashe shanyarta.

A shekarar da nake ba da labari akwai wata yarinya a ajinta, 'yar wani tela, da ake kira Lauya. Gajera ce mai ƙaramar murya, tana zama gaba kusa da taga, kuma ita kaɗai ce in Malama ta ce ina hujja take cewa ga ta. Malama na son ta, son da ba ta iya nunawa sai ta hanyar cika mata takarda da jan biro fiye da ta kowa.

Wata Litinin aka raba sharhin Baba Tagumi a kan cunkoson motoci. Aji ya yi tsit ana karatu, sai Lauya ta ɗaga hannu ta ce akwai abin da bai zauna mata ba. Marubucin yana maganar gadar da ake shirin ginawa a kan babban titi, alhali ita ta kan gadar nan take zuwa makaranta tun tana aji ɗaya. Malama ta ce ta bincika ta dawo. Washegari yarinyar ta zo da wata tsohuwar jakar leda ta yayarta, wadda ita ma ta yi ajin Malama shekarun baya kuma ba ta yar da takarda. A ciki ga sharhin nan, kalma da kalma, har da waƙafi. Ba shi kaɗai ba: na makon da ya wuce ma tsoho ne, da wanda ya gabace shi, take kawai aka canja.

Gaskiya Malama ta ɗan jima tana jin kamar ta san waɗannan jimlolin, amma ta ɗauka halin Yaya ne, mutum ne da in ya kama magana ba ya saki. Da ta ga takardun biyu a jere a kan teburinta, wani daɗi ya taso mata tun daga ciki, daɗin da bai kamata ba. Wato raini ne ya kai shi ga haka, ya mai da masu karatu sakarkaru yana ɗumama musu kwantai. To yau dai ta kama shi a inda ba zai iya yin shiru ba.

Martanin da Lauya ta rubuta ya yi kyau har ya wuce misali. Ba zagi, ba gatse. Ta faɗi ra'ayin marubucin a kan cunkoso da adalci, ta jera sakin layi na da da na yanzu gefe da gefe, ta tambaya cikin ladabi ko mai karatu bai cancanci a gaya masa tsohon rubutu yake karantawa ba. Sai a ƙarshe ta ƙara jimla ɗaya, cewa wataƙila akwai wani dalili da mu ba mu sani ba, in kuwa akwai muna ba shi haƙuri.

Malama ta ja wa jimlar layi, ta rubuta tambayarta ta kullum a gefe. Da aka tashi yarinyar ta tsaya, tana murza bakin hijabinta, ta ce ita tana ganin a bar wannan layin, don mutumin tsoho ne kuma shekara da shekaru bai taɓa yin haka ba.

"Kin san dalilin?" in ji Malama.

"Ban sani ba."

"To zato ba hujja ba ne. Abin da kika gani shi za ki rubuta."

Lauya ta ɗauki jakarta ta fita. Malama ta buga wasiƙar da yammar nan, ba jimlar, ta tura. A hanyar gida har ta tsaya ta sayi lemo, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Aka buga, kuma ba a lungu ba, a saman shafin wasiƙu, da ɗan bayanin edita a ƙasa cewa jarida ta gode kuma za ta bincika. Shugaban makaranta ya kira Lauya gaban taron safe aka tafa mata, ya yi ta zuba jawabi a kan irin tarbiyyar da makarantarsa ke bayarwa, shi da ko sau ɗaya bai taɓa leƙa ajin ba. Malama na tsaye a baya ta harɗe hannu. Hankalinta na kan ƙarshen mako. Ta san Yaya, ba a taɓa shi ya kwana bai rama ba, kuma ta ƙagu ta ga da wace zai fito.

Ƙarshen mako ya zo, ta karɓi jarida ta juya baya tun kafin ta biya. Tallar katifa ce ta cika shafin, da hoton wata mata tana barci tana murmushi. Ta buɗe ciki ta duba shafi-shafi ko an matsar da shi, babu. Mai jarida ya ce ai mutumin naki yau bai fito ba, mutane sai tambaya suke. Ta ce wataƙila yana shirya amsa ne. Mako na gaba katifa, na bayansa tallar fenti. Ta riƙa ajiye waya kusa da ita har a aji, abin da take hana yara. A waɗannan makonnin ta riƙa kawo sharhin wasu marubutan, yara suka kayar da su cikin sauƙi, darasin ya zama lami. Lauya kuwa ta rage ɗaga hannu.

Ranar wata Asabar ta sa mayafinta mai kyau ta hau mota zuwa ɗaya gefen gari. Ta gaya wa kanta za ta je ne ta ji dalilin da zai sa babban mutum ya gudu daga tambayar 'yar makaranta. Amsarta ta shekaru na nan a bakinta, ta yi ta bitar ta a mota. Unguwar ta canja, shaguna sun cinye filin da yara ke ƙwallo, sai da ta wuce gidan ta dawo. Ƙofar ce dai ba ta canja ba, koren fentin ya koɗe.

Wani magidanci mai gemu ya buɗe. Sai da ya ce "Gwaggo" sannan ta gane babban ɗan Yaya ne, wanda ta bari yana ɗan saurayi. Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata, amma bai yi murmushi ba, bai kuma ce ta shiga ciki ba. Ya jawo mata kujerar roba a baranda, ya zauna a kan dakali, ya ce gara ta ji kafin ta gan shi.

Baba ya fara mantuwa ne shekara biyu da suka wuce, in ji shi. Da fari makulli da sunayen mutane, daga baya ya zauna gaban takarda tun safe har azahar bai haɗa jimla ba. Likita ya ce abin ba ya komawa baya. Yanzu wani lokaci ko matarsa sai ya tambaye ta 'yar gidan wa ce. Abu ɗaya ne bai sake shi ba: in an kawo jarida ya juya baya ya ga hotonsa, sai ya nuna da yatsa ya ce ga ni nan, ya wuni cikin walwala, har abinci ya ci da kyau. Shi ya sa shi ɗan ya riƙa zaɓo tsofaffin rubuce-rubucen yana canja take yana tura wa jarida da sunan Baba. Ya san ba daidai ba ne. Ya je ya roƙi edita bayan abin ya fito, edita ya tausaya ƙwarai amma ya ce ba yadda zai yi, jarida ta riga ta ji kunya.

Bai ce ke kika jawo ba. Sunan makarantar kawai ya ambata, ya ce yarinyar ta iya rubutu. Da ƙyar Malama ta tambaye shi me ya hana a gaya mata tun farko, ita ba 'yar gidan ba ce?

"Shi ya hana, Gwaggo, tun yana gane kansa. Ya ce in kika ji za ki zo don tausayi. Shi kuma so yake ki zo da gardamarki."

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta mayar. Ta ce ya kai ta.

Ɗakin karatunsa ne, littattafai har rufi, labule a ɗage rana ta shigo. Yana zaune a kujera mai hannu, an yi masa aski, rigarsa fes. Ya rame har agogon hannunsa ya zamo ya sauko kan tafi. Jaridar ranar na kan cinyarsa ya dafe ta da hannu biyu. Da ya ga baƙuwa ya yi ƙoƙarin tashi, ya yi mata maraba da fara'ar da bai taɓa yi mata ba, irin wadda ake yi wa mutumin da ba a sani ba. Ya ce wa ɗansa a kawo wa baiwar Allah ruwa. Ɗan ya fita ya ja ƙofa.

Ta zauna a gefen gado. Ta ce Yaya ni ce, Auta. Ya ce madalla, madalla, ya mutan gida. Ta ce lafiya.

Ba ta san me ya sa ta fara ba. Wataƙila don ta ɗauko abin daga nesa ne kuma ba ta da inda za ta sauke. Ta gyara zama kamar a aji, ta ce akwai wani sharhi da ya taɓa rubutawa. A cikinsa yana ganin cewa akwai matar da ta fi son ta yi nasara a magana a kan a zauna da ita, kuma kaɗaicin da take ciki ita ta saya da bakinta. Layin da ya gagare ta shekara da shekaru ya fito sumul, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ta tambaye shi ko ta faɗi abin da yake nufi daidai. Ya gyaɗa kai ya ce haka ne.

Sai ta kawo nata. Ta ce matar nan ba nasara take nema ba, so take a amsa mata, don a gidan da ta tashi haka ake nuna ƙauna. Ta ce wanda ya koya mata hakan shi ne ya fi kowa sanin wannan, kuma da ya ga ta faɗi, ƙofarta ya kamata ya ƙwanƙwasa, ba ya kai ta kasuwa ba. Ta jera komai yadda ta tsara, ba zagi, ba kuka, kowace magana da madogararta. Da ɗaliba ce ta rubuta da ta ba ta maki cikakke. Yana ta kallon bakinta da natsuwa har ta dire.

"Gaskiyarki, baiwar Allah," ya ce. "Gaskiyarki."

Wannan fa mutumin ne da a da ko sunan ranar mako ka faɗa sai ya nemi inda zai ja. Ta dube shi. Ta ce masa kaza ta fi doki amfani. Ya ce ƙwarai kuwa. Ta ce a'a, doki ya fi. Ya ce wannan haka yake. Nan ne ta ji kaɗaicin da ba ta taɓa ji ba ko a ɗakinta na saman bene, don a can ko ba komai tana da wanda take fushi da shi.

Ya ɗan karkata kai yana nazarin fuskarta. Ya ce yana da ƙanwa mai irin muryarta, malama ce ita ma, ba a cin ta da magana. Ya faɗa da alfahari, har ƙirjinsa ya ɗan taso. Sannan ya ce ba ta zuwa dai, aiki ya yi mata yawa. Kafin Malama ta samu abin cewa hankalinsa ya koma kan cinyarsa. Ya juya jaridar baya, ya dubi tallar fenti, ya juya gaba, ya sake juyawa baya. Takardun suka fara zamewa daga cinyarsa.

"Ke da kike da tabarau," ya ce, ya miƙo mata, "duba mini inda suka sa ni yau. Na duba ban gani ba."

Ta karɓa. Ta sauko daga gefen gadon ta jawo 'yar kujerar da ke gaban teburinsa har gwiwarta ta taɓa tasa, ta shimfiɗa jaridar a tsakaninsu yadda shi ma zai gani. Ta ce bari su fara daga farko, kar su tsallake ko ɗaya. Ya ce to, ya matso da kai. Ta lashi yatsa ta buɗe shafi na biyu, ta bi shi da ido daga sama har ƙasa, a hankali, sannan ta buɗe na uku.